Madubin Auna Ruwan Gas

Akwai wani abokin aikina da na shekara uku ina yi wa dariya. Labarinsa nake so in ba ku yau, amma ba zai fito daidai ba sai na haɗa da nawa.

Muna kiransa Me-ya-sa. Dogo, wanda muke aikin rana tare, shi ya raɗa masa sunan tun satin da aka kawo shi ɗakin gwaji, domin ba ya wuce abu bai tambaya ba. Me ya sa wannan bututun yake zufa, wancan ba ya yi? Me ya sa famfon nan yake kuka da rana, da safe shiru? Har mai gadi sai da ya tambaye shi me ya sa yake juya kujerarsa gabas bayan ƙarfe biyu.

Ni ban yi karatu mai nisa ba. Da ƙyar na gama sakandare, na samu aiki a ma'aikatar da ake busar da iskar gas, yau shekara goma sha tara. Bari in gaya muku aikin a taƙaice, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane laifina ba.

Gas in ya fito daga ƙasa, da ruwa yake fitowa. Ba ruwan da ido ke gani ba, danshi ne, kamar tururin tukunya bayan ya baje a ɗaki. In aka tura shi cikin bututu a haka, duk inda ya gamu da sanyi sai danshin da gas ɗin su haɗu su daskare, su zama wani farin abu kamar ƙanƙara, ya toshe hanya. Ba sai sanyin ya kai na firji ba ma. Matsin da ke cikin bututun yana sa abin ya daskare da wuri.

Don haka muke bi da gas ta cikin wani dogon tanki da ke tsaye. Gas yana hawa, wani ruwa mai kauri da ake kira gilaikol yana gangarowa yana shanye danshin. Gas ya fita ta sama a bushe. Amma "a bushe" magana ce ta baki. Sai an auna.

Awon shi ne aikina.

Abin awon wani kaskon ƙarfe ne, bai fi butar shayi girma ba. Yana da taga ta gilashi mai kauri, a ciki kuma akwai madubi kamar farcen babban yatsa. Kana buɗe wa gas ya riƙa wucewa ta kan madubin. Sai ka murɗa wani ƙaramin bawul da ke sanyaya bayansa. Ka kafa ido a taga, ka jira. In sanyi ya kai wani mataki, hazo zai sauka a kan madubin. Nan take ka duba ma'aunin zafi ka rubuta. Sai ka rufe bawul ka bar madubin ya ɗumama, ka rubuta inda hazon ya ɗauke. Daga nan ka je wurin jadawalin da ke manne a bango, mai layuka a lanƙwashe, ka haɗa wannan lamba da matsin bututu, ya nuna maka yawan ruwan da ke cikin gas.

In hazo ya sauka da wuri, gas yana da ruwa. In sai da aka sha sanyi sosai kafin ya sauka, gas ya bushe. Mu dokarmu, kada ya sauka sai an wuce digiri biyar ƙasa da sifili.

Sharaɗi ɗaya ne: a hankali. Digiri ɗaya a minti ɗaya. In ka yi sauri, sanyi zai wuce wurin kafin hazo ya taru har ido ya gan shi, sai ka rubuta lambar da ta fi gaskiya bushewa.

A wannan aikin ba ni da na biyu, kuma na san haka, kuma ina faɗi.

Watan farko da Me-ya-sa ya zo, ya roƙi in bar shi ya leƙa. Na bar shi. Can sai ya ɗago da murna ya ce, "Baba, ya sauka."

Na leƙa. Wani zobe ne mai sheƙi, launi-launi kamar man fetur a kan ruwan kwata. Wannan ba ruwa ba ne, mai ne da ke cikin gas ɗin. Hazon ruwa fari ne dushi-dushi, a tsakiya yake farawa, ba ya ƙyalli.

Na yi dariya har na dafa bango. Na kira Dogo na ce, "Zo ka ga injiniya ya kama mana bakan gizo."

Ya tsaya yana murmushi, ya ce, "To me ya sa shi yake ƙyalli, na ruwa ba ya yi?"

Na ce, "Ka koma makarantar da ta ba ka takarda ka tambaye su."

Shekara uku ina ba da labarin nan. Duk baƙon da ya zo sai ya ji shi, a gaban mai labarin.

Farkon shekarar bara maman yara ta kwanta. Ciwon huhu. Kwana goma sha ɗaya muka yi a asibiti, a na sha biyu Allah ya karɓi abarsa. Shekara ashirin da shida muna tare. Allah ya jiƙanta.

Bayan sati biyu na koma aiki. Manaja ya ce in ƙara hutawa, na ce zaman gida ne ke kashe ni. Manyan yaran suna gidajensu, daga ni sai Auta, wadda ke shekarar ƙarshe a makarantar koyon jinya. Gidan da muke ciki na ma'aikata ne. Mai aiki ake ba. A nan maman yara ta raini Auta, a nan ta dasa lemun tsami a bayan kicin, kuma har yau gyalenta yana rataye a ƙusar bayan ƙofa, ba wanda ya taɓa.

Ana cikin haka na'urar da ke auna danshi da kanta ta lalace, aka tura ta gyara. Aka ce kafin ta dawo, madubi za a dogara da shi. Na safe ya auna, ni in auna ƙarfe biyu na rana, na yamma ya auna. Kowa ya rubuta a littafi ya sa hannu.

Wata biyu ana haka. Ranar wata Litinin aka bugo waya daga tashar da ke karɓar gas ɗinmu. Bawul ɗinsu ya daskare, masana'antu uku sun tsaya rabin yini. Ba wanda ya ji rauni, amma da suka kwance bawul ɗin, farin abin nan suka tarar cike.

Manaja ya tara mu. Mutum ne mai ƙiba da ba ya ɗaga murya, kuma mun fi tsoronsa in ya yi ƙasa da ita. Ya ɗaga littafin awo ya ce, "Wannan ya ce gas ɗinmu a bushe yake. Bawul ɗinsu ya ce ƙarya ne. Ɗaya daga cikinsu ba ya iya rubutu." Ya dubi Me-ya-sa. "Na ba ka zuwa Alhamis. In ƙarfe ne ya yi laifi, mu canza ƙarfe. In mutum ne, ya ajiye mana makullin gida."

Ni ko gezau. Na ce wa Dogo ai tankin ne ya tsufa.

Me-ya-sa ya fara da ƙarafa. Ya cire ma'aunin zafi ya tsoma a ruwan ƙanƙara, ya nuna sifili daidai. Ya kwance siririn bututun da ke kawo gas wurin madubi, ya hura, ya shinshina, ya mayar. Ya ɗebi gilaikol a kwalba ya kai ɗakin gwaji. Ina kallonsa yana zirga-zirga da hular kwano da ta fi kansa girma.

Talata da rana ya same ni a inuwar tanki, da littafin a hammata.

"Baba, in tambaye ka wani abu?"

Na ce, "Yau kuma izini kake nema? Lafiya?"

Ya zauna a kan bokiti. "Wanne ya fi ɗaukar ruwa, gas mai zafi ko mai sanyi?"

"Mai zafi mana. Ko Dogo ya san wannan."

Dogo daga bayan famfo ya ce, "Na ji sunana, ban ji alheri ba."

Me-ya-sa ya buɗe littafin. "To shi ne abin da ya hana ni sukuni. Ƙarfe biyu na rana bututu ya sha zafi, gas yana shigo mana da ɗumi, tanki yana shan wuya. Lokacin ya kamata lamba ta fi muni. Amma duba. Na safe shida ƙasa da sifili. Na yamma biyar da rabi. Na rana bakwai, takwas, bakwai. Me ya sa gas ɗinmu ya fi bushewa a lokacin da ya kamata ya fi jiƙa?"

Na ce, "Don na rana ya fi su ido."

"Zai yiwu," in ji shi, kuma har ga Allah ba gatse a muryarsa. Ya juya shafi. "Ga wani kuma. Tsakanin saukar hazo da ɗaukewarsa. A tsofaffin littattafanka wani lokaci rabin digiri, wani lokaci ɗaya da rabi, wani lokaci ka soke ka sake. Amma wata biyun nan, digiri ɗaya cif, kullum. Ban taɓa ganin madubi mai ladabi haka ba."

Na miƙe. Na ce, "Lokacin da na fara leƙa madubin nan kana tsotsar yatsa. In zargina kake, faɗi."

"Ban kai nan ba, Baba. Ban gane ba ne kawai."

Da ya tafi, Dogo ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya ce, "Dattijo, ka ga bakan gizo ya dawo da ruwan sama. Shekara uku kana gasa shi. In ni ne, wallahi da hotonka zan haɗa a rahoton."

Na ce ya rufe min baki. Amma abincin da Auta ta zuba min a kula, haka na mayar da shi gida.

Laraba ƙarfe biyu saura, na tarar da shi a rumfar awo ya riga ni. Ya share benci, ya ajiye agogonsa a kai.

"Baba, ka bar ni in zauna kusa da kai. Ba zan ce komai ba."

"Kai? Ba za ka ce komai ba? Sai dai in an ɗaure bakin da waya."

Na zauna. Na buɗe wa gas. Na ce a raina yau zan nuna wa yaron nan aiki. Na murɗa bawul kaɗan, yadda ya kamata, na kafa ido.

Minti ɗaya. Madubi fes. Minti biyu. Ƙarar injuna ta yi nisa, kamar an toshe min kunne. Sai ƙirjina ya fara matsewa. Ban san lokacin da hannuna ya ƙara murɗa bawul ɗin ba. Na ji shi yana huci da ƙarfi. Hazo ya faɗo gaba ɗaya, na duba ma'auni, na ce, "Bakwai ƙasa." Na rufe gas, na jawo littafi.

Ya ɗora yatsa a kan agogo. "Minti huɗu, Baba."

Na ɗauki alƙalami.

"Kuma ba ka jira ya ɗauke ba."

Alƙalami yana hannuna, har na fara rubuta shida a gidan ɗaukewa. Lambar da ban gani ba. Na dube ta. Wata biyu ina rubuta irinta, kuma kullum ina gaya wa kaina ai na san inda zai ɗauke, shekara goma sha tara ba wasa ba.

Ya ce, "Bari in gwada." Ya zauna, ya yi a hankali. Na tsaya a kansa ina kallon agogo. Da ya ɗago ya ce, "Digiri ɗaya sama da sifili. Leƙa ka gani ko bakan gizo ne."

Na leƙa. Fari ne, dushi-dushi, a tsakiya. Ruwa.

Ya je bango ya bi layin jadawali da farce, ya yi lissafi a bayan hannunsa. "In haka yake kowace rana, abin da ke wuce mu ya kai jarka huɗu na ruwa a yini."

Na zauna a ƙasa, na jingina da ƙafar benci. Ina jiran ya ce abin da ni zan ce in da ni ne shi.

Sai ya sauko ya zauna a ƙasan shi ma, da farin wandonsa.

"Baba, na ga hannunka. Minti biyun farko, ko a littafi ba a fi haka ba. Sannan ka murɗe. Mutumin da bai iya ba tun farko yake ɓatawa. Kai ka iya. Me kake gani a ciki?"

Ba wanda ya taɓa tambayata. Mutane sun yi min gaisuwa, sun ce in yi haƙuri, na ce na gode. Amma me nake gani, ba wanda ya tambaya, ni ma ban tambayi kaina ba.

Na ce masa, a asibiti sun sa mata robar iska, mai rufe hanci da baki, wadda ake ganin ciki. In ta fitar da numfashi sai robar ta yi hazo, in ta ja sai ya ɗauke. Kwana goma sha ɗaya ba na kallon na'urorinsu, ban san karatunsu ba. Robar nake kallo. Wannan karatun na iya shi. Ya sauka, ya ɗauke. Ya sauka, ya ɗauke. Ranar ƙarshe, wajen ƙarfe uku na rana, ya ɗauke. Na kafa ido ina jira ya sauka. Ban kira kowa ba, don na saba, in ka yi haƙuri yana zuwa. Ban san minti nawa na yi ba. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta zo ta dafa kafaɗata.

Na ce, "Tun ranar, in na ga gilashi fes ina jira, ba na iya numfashi."

Ya cire hular kwanonsa ya riƙe a cinya.

Can ya ce, "Allah ya jiƙan Mama." Sannan ya ce, "Baba, ba zan rubuta ƙarya ba. Gobe ƙarfe goma zan kai rahoto, kuma abin da na gani zan rubuta. Amma ofishin manaja ƙarfe takwas ake buɗewa."

Na gane.

Da yamma na gaya wa Auta, muna zaune a bakin kicin tana tsince shinkafa. Ban ɓoye mata batun gidan ba. Ta dubi lemun tsamin, ta dube ni.

Ta ce, "Baba, shi ya sa ka daina goge gilashin motarka da safe, sai dai ni in goge?"

Ban ma san ta lura ba.

Ta ce, "Ka je ka faɗa da bakinka. In sun ce mu tashi, bishiya dai ana dasa wata. Amma ni ba zan iya zama da kai kana haɗiye abu kana mayar min da abinci ba."

Takwas saura na isa. Manaja yana buɗe taga na yi sallama.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ƙarfe ba ne. Ni ne."

Na faɗa masa duka, har lambobin da na rubuta ban gani ba. Ban kawo zancen asibiti ba, don kada ya zama kamar ina neman tausayi. Ya saurara yana juya alƙalami. Ya ce in jira a waje.

Ƙarfe goma Me-ya-sa ya shiga. Ƙofar ba ta rufu sosai ba, ina jin su.

Manaja ya ce, "Ya amsa laifinsa. Me ya rage?"

"Tambaya ɗaya, ranka ya daɗe. Mutum ya yi shekara goma sha tara littafinsa ba tabo, sai wata biyu. Ba ka son sanin me ya sa?"

"Kai dai da me ya sa."

"Na sani, amma ba ni zan faɗa ba, nasa ne. Abin da zan ce, ba lalaci ba ne, ba kuma ido ba ne. Sannan mu ma da namu. Mun bar awo a hannun mutum ɗaya wata biyu ba mai duba bayan wani, alhali lambobin suna gabanmu suna faɗa mana. Ni ma sai da bawul ya daskare na buɗe littafin."

Aka kira ni. Manaja ya ce takardar gargaɗi za ta shiga fayil ɗina, wannan ba makawa. Ya ce daga yau ba zan sa hannu a littafi ba. Bayan sati biyu zai zo rumfar awo da kansa. Me-ya-sa zai auna ya rubuta a ɓoye, ni in auna. In tsakaninmu ya wuce digiri ɗaya, in kawo makulli.

Ya ƙara da cewa, "Dattijo, da sai ƙarfe goma na ji wannan, da yanzu kana neman motar kwasar kaya."

Sati biyun nan kullum Me-ya-sa yana zuwa ƙarfe biyu, a lokacin cin abincinsa, ya zauna kusa da ni ina gwada awo. Kwana uku na farko ban wuce minti biyar ba. Sai in ɗago ina haki kamar wanda aka biyo. Ya gwada yi min hira, bai yi ba. Ya ce in riƙa ƙirga, bai yi ba. Dogo ya ce a ɗaure min hannu a baya, shi zai riƙa murɗawa, a raba albashin biyu.

Rana ta huɗu na ture kaskon na ce na haƙura, gara in fara neman ɗaki.

Me-ya-sa yana cin biredi. Ya haɗiye ya ce, "Baba, wani abu nake ta tunani. A shekara goma sha tara, sau nawa ka leƙa madubin nan?"

"Wa ya ƙirga? Dubbai."

"Sau nawa hazo ya ƙi sauka?"

Na bi shekarun a kaina. Akwai ranar da ya sauka da wuri. Akwai ranar da sai da muka kai ashirin ƙasa da sifili, yatsuna suka ƙage. Amma ya ƙi sam?

Na ce, "Bai taɓa ba. Duk bushewar gas akwai sauran danshi a cikinsa. In ka ci gaba da sanyayawa, dole ya sauka."

"Dole?"

"Dole."

"To ka ga ba jira iri ɗaya ba ne," in ji shi, ya ci gaba da cin biredinsa.

Ba zan ce muku daga ranar na warke ba. Ƙirjin bai daina matsewa ba. Amma in ya matse, sai in ce wa kaina, wannan yana zuwa. Ranar na kai minti bakwai. Washegari tara. Ranar Asabar na ga ya sauka a hankali, ɗigo ƙanƙani a tsakiya yana faɗaɗa, na rufe bawul, na zauna har ya ɗauke. Na sa hannun riga na goge fuskata. Dogo ya yi kamar yana duba famfo.

Ranar gwaji rana ta buɗe sosai. Manaja ya zo da lema, ya tsaya a bakin rumfa. Me-ya-sa ya auna ina waje na juya baya, ya rubuta a takarda, ya ninke, ya ba manaja. Aka jira madubi ya ɗumama. Na zauna.

Na murɗa kaɗan. Na cire hannuna daga kan bawul na ɗora a gwiwa.

Madubi fes. Ina jin takun agogon manaja, ko kuwa zuciyata ce. Wajen minti na uku ɗakin asibitin ya zo, da farin labulensa da warin maganinsa. Ban kore shi ba, ban kuma murɗa ba. Na bar shi ya zauna kusa da ni.

Goma sama da sifili. Biyar. Sifili. Ina sa ran sai mun wuce biyar ƙasa, don tun bayan abin da ya faru an ƙara wa tanki gilaikol.

Sai ga shi a uku ƙasa. Ƙanƙani, fari, a tsakiya.

Uku bai cika doka ba. Ko idona ne ke gaggawa, yana ganin abin da babu don a gama? In na faɗi uku alhali takardar ta ce shida, gida ya tafi. Na rufe bawul na jira. Ya ɗauke a biyu da rabi. Na ce a ba ni dama in sake. Manaja ya dubi agogo, bai hana ba. Na sake, tun daga farko. Uku.

Na ɗago na ce, "Ranka ya daɗe, uku ƙasa da sifili. Gas ɗin nan da ke wucewa yanzu bai bushe yadda ya kamata ba."

Ya warware takardar. Ya dube ta, ya dubi Me-ya-sa, ya juyo min da ita. An rubuta uku.

Me-ya-sa ya ce, "Tun ɗazu nake ji kamar in fashe. Ina jin tukunyar da ke dafa gilaikol don fitar da ruwan da ya sha ce ta rage wuta."

Manaja ya ninke lemarsa. Ya ɗauko littafin awo daga kan benci, ya buɗe shafin ranar, ya miƙo min da alƙalaminsa.

Ya ce, "To me kake zaune? Sa hannu, ka je ka ƙara mata wuta kafin a sake bugo min waya."

Darasi: In ka ga wanda ya iya aikinsa ya fara ɓata shi, kafin ka yanke masa hukunci ka zauna kusa da shi ka tambaye shi me ya sa, domin wani kuskuren ciwo ne da bai samu mai tambaya ba. Tambayar ba ta hana a faɗi gaskiya, kuma wanda ka raina yau yana iya zama shi kaɗai zai tsaya ya yi maka ita. In kai ne mai ciwon, ka faɗa da bakinka tun ƙofa tana buɗe. Ku tura wa wani, musamman wanda ya koma bakin aiki bayan rashi kuna ganin kamar ya warware.